Gurbin da Kaka ta Bari a Cikin Kaset

Shekaruna saba'in da takwas a bana, kuma farkon abin da zan faɗa ya auku kimanin shekara saba'in da suka shige, a ƙauyenmu da ke bayan duwatsu, tafiyar rabin yini a ƙafa daga Nok. Ƙarshensa kuwa ya auku ne a Kirsimetin da ya wuce, a tsakar gidana a nan Kafanchan. Na koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin da biyar, na ajiye aiki ina hedimasta, kuma waɗanda suka zauna a ƙarƙashina za su shaida cewa ɗaga murya ba ɗabi'ata ba ce. Amma wannan takarda da fushi na rubuta ta, ba kuwa zan yi mata kwalliya in ce ba haka ba ne.

Kakata ta wajen uba sunanta Laraba, sai dai duk gidan Kaka muke ce mata, har da surukanta. Gajeriyar mace ce mai kaurin murya, ba ta taɓa riƙe alli ba. In an kammala girbin acca aka shiga tonon citta, aikin maraice yakan taru a tsakar gida. Da zarar an suɗe kwanon tuwo, sai a hura wuta da karan dawa, a ɗora gungume guda a kai, a zube citta tuli a tsakiya. Mu yara wajen goma, kowa da 'yar wuƙarsa, muna tsaga citta domin a shanya ta da safe. Wanda ya manta ya sosa ido da hannun nan, shi da hawaye har a tashi. Kaka tana bisa kututturenta, sanda a gicciye a kan cinyoyinta.

"Hannu ya yi aiki, kunne ya yi aiki," in ji ta. "Baki ya kwanta sai na tashe shi."

Sa'an nan ta buga sanda a ƙasa sau uku, labari ya buɗe.

Da harshenmu na gida take yi. Kowace tatsuniya tata tana da waƙa a ciki, kowace waƙa tana da amshi, amshin nan kuwa ba nata ba ne, namu ne. Takan rera nata layin, ta rufe baki, ta sunkuyar da kai, ta jira. Ba ta taɓa taimakonmu da ko gunaguni ba. Ko wuta za ta cinye gungumen ƙurmus, Kaka ba ta ci gaba sai amshi ya fito daga bakinmu.

Wadda ta fi tsorata mu ita ce ta gwauruwa da accarta. A wata shekarar yunwa, in ji Kaka, wata gwauruwa ta girbe 'yar gonarta, ta sussuke, abin da ya fito bai wuce ƙwarya guda ba, ƙwaya da ƙaiƙayi da tsakuwa duk a cakuɗe. Wanda ya san acca ya san ƙwayarta ba ta fi ta rairayi girma ba, gyaranta kuwa aikin mai haƙuri ne. Hannuwan matar sun mutu da gajiya, ga 'ya'ya uku suna kukan yunwa. Sai Ƙwarya ta ce mata, "Ni ban iya zaɓe ba. Abin da kika zuba mini shi nake riƙewa, mai kyau da marar kyau. Zauna ki tsince da hannunki, ni dai ba zan zubar miki ba." Ana cikin haka sai ga Iska tana fito, ta ce, "Me za ki yi da wannan sakarya? Watsa mini sama. Kafin ki ƙifta ido na kwashe na banza na bar miki na kirki."

Matar ta ɗebi kashi ɗaya cikin uku, ta ɗaga hannu, ta rera waƙarta. Ma'anarta da Hausa ita ce, "Wa zai raba mini ƙwaya da ƙaiƙayi?" A nan Kaka take yin shiru, mu kuwa mu amsa, "Rage iri a ƙwarya, uwa, rage iri!" Amma rurin Iska ya hana matar ji. Ta watsa, Iska ta kwashe duka, domin a wurinta duk abin da ba shi da nauyi ƙaiƙayi ne. "Wannan ba ƙwaya a ciki," in ji Iska. "Ƙaro." Matar ta ɗebi kashi na biyu, ta rera, muka amsa, ba ta ji ba, shi ma ya tafi. Saura na ƙarshe.

To, a nan ne al'adar Kaka ta bambanta da ta kowace tsohuwa da na sani. Ƙarshen labarin nan ba a bakinta yake ba, a namu yake. In muka amsa na ukun da ƙarfi, murya ɗaya, har karnukan maƙwabta suka tanka, sai ta ɗaga kai ta ce, "Yawwa. Na ji ku." Matar ma ta ji, ta maido hannunta cikin ƙwarya, ta zauna ta tsince, suka sha kunu, ta rage iri, daga irin nan ne duk accar ƙasarmu ta fito. In kuwa amshin ya fito a raunane, sai matar ta watsa na ƙarshe, 'ya'yanta su kwana da yunwa, Kaka ta ɗauki sandarta ta shige ɗaki.

Sau ɗaya muka yi wannan sakaci. Ni da yayata Saratu muna faɗa a kan gasasshen gwaza, sauran suna kallonmu, amshi ya fito kamar kukan sauro. Kaka ta kashe accar nan ba tare da ta ko dube mu ba. Saratu ta bi ta har bakin ƙofa tana kuka, tana roƙo a sake.

"Ni na kashe?" in ji Kaka daga ciki. "Na buɗe muku ƙofa kuka tsaya cin gwaza. Ku je ku gaya wa 'ya'yan matar nan abin da kuka ci."

Ba mu ƙara ba.

Shekaru suka tafi. Na yi makaranta, na zama malami. Kimanin shekara hamsin da suka wuce na sayi rakoda mai kaset, na ɗauke ta zuwa gida lokacin hutu, domin na ga Kaka ta tsufa ƙwarai, idanunta sun dushe. Yaran gidan na lokacin suka ji jita-jita cewa akwatin yana haɗiye muryar mutum, suka watse cikin gonaki. Daga ni sai Saratu, wadda ta zo ganin gida daga ɗakin mijinta. Kaka ta shafa rakodar, ta tambaye ni su wa za su ji. Na ce 'ya'yana da jikokina, in Ubangiji ya ba ni. Ta yi tunani, ta ce to da Hausa za ta yi, irin tata ta kasuwa, domin 'ya'yan bariki kunnensu gajere ne. Waƙoƙin kaɗai ta ce ba za ta juya ba.

Da ta kai waƙar gwauruwa ta yi shiru, na buɗe baki zan amsa. Sanda ta sauka a gwiwata.

"Kai ka ci naka tuntuni," in ji ta. "Bar wa masu zuwa wurinsu."

Haka ta zauna, kai a sunkuye, kaset yana juyawa a kan shiru. Ni da ƙuruciyata ina jin ciwon batir da ke ƙonewa, ina yi wa makauniya alama da hannu, har Saratu ta mintsine ni. A karo na uku ta fi daɗewa. Ta karkata kunne kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Can sai fuskarta ta washe, ta ce, "Yawwa. Na ji ku." Ta ba da kyakkyawan ƙarshe. Tatsuniyoyi tara ta yi mini a kaset uku cikin kwana huɗu, kowace da gurabenta na amshi a buɗe. Ba ta ga damina biyu bayan haka ba.

Na adana kaset ɗin nan a akwatin ƙarfe fiye da yadda na adana takardun shaidar karatuna. Rakoda ta mutu, aka daina sayar da irinta, na daina taɓa su don tsoron kada zaren ya tsinke. Bara ɗana na fari, Istifanus, wanda ke aikin gwamnati a Kaduna yana zaune a Mararaban Rido, ya tafi da su wurin masu juya tsohon sauti, ya komo da muryar Kaka a cikin waya. Na sa masa albarka. Ƙanwarsa Hannatu, malamar asibiti a nan garin, ta zuba mini tatsuniyoyin a wayata, ta nuna mini manhajar da ta zo da wayar, wadda ke kunna kowane irin sauti da bidiyo. Ni mai kunna-komai nake ce mata.

A nan ɓacin raina na fari ya soma. Wata Asabar bayan taron Zumuntar Maza, na ce wa dattawan ikkilisiya su dakata su ji abin da ba su taɓa ji ba. Na kunna musu gajeriyar tatsuniya guda. Suka nutsu, wani ma yana share ido. Kaka tana gama labarin, kafin in kai hannu, sai muryar matata Ladi ta cika majami'a: "Malam, ka sha maganin hawan jinin nan, ko sai na zo na ɗura maka kamar akuya?" Saƙo ne da ta aiko mini makonni da suka shige. Ina ta lalube da yatsa, abin ya tsallaka zuwa wani kiɗan rawa da ban san yadda ya shigo wayata ba. Dattawa masu furfura suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na komo gida ina huci. Wace irin baiwa ce wannan da ba ta bambance muryar matacciya da kiɗan gidan giya? Ga shi in ka tsaya a tsakiyar labari, gobe ta manta inda ka tsaya.

Na kira 'ya'yan nan biyu na ce ina so a Kirsimeti dukan jikokina su zauna su ji Kaka, kuma ba na so a maimaita abin kunyar nan. Su zaɓa mini abin kunnawa na mutunci.

"Baba, matsalar ita ce kana amfani da abin da ba a yi shi don magana ba," in ji Istifanus. "Akwai manhajar da aka yi musamman don sauraron shirye-shirye, fodkas ake ce musu. Ita ba ruwanta da kiɗa ko saƙon Mama. Za ta jera tatsuniyoyin ɗaya zuwa tara, ta tuna inda ka tsaya, ta nuna maka wadda ka ji da wadda ba ka ji ba. Tsari ke nan."

"Yaya, wannan taka ta masu sauri ce," in ji Hannatu. "Ta masu ji a cikin mota. A bar Baba da tasa, in ware masa tatsuniyoyin wuri guda, shi ke nan."

"Ke da kika sa aka yi wa Baba dariya a coci, har kina da bakin magana?"

"Ni na aika saƙon akuya?"

Na tsawata musu. Amma kalmar nan ta tsari ta riga ta shige ni, domin mutumin da ya yi rayuwarsa yana jera yara a layi ba ya jin kalmar da ta fi ta daɗi. Na yanke hukunci na ce ta Istifanus za a bi. Ban ce a gwada mini in ji da kunnena ba. Hannatu ta taɓe baki.

Washegarin Kirsimeti da la'asar aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaro. Jikoki goma sha ɗaya, daga mai shirin gama jami'a har mai koyon tafiya. Na aika mota ƙauye aka ɗauko Saratu, shekararta tamanin da biyu, aka zaunar da ita a kujera mai hannu. Na miƙe na yi jawabi. Na ce musu matar da za su ji ta bar musu wuri a cikin labarinta tun iyayensu ba su zo duniya ba, kuma yau za su shiga wurin. Istifanus ya haɗa wayarsa da lasifika, ya danna.

Abin da ya fito ba zan manta da shi ba har kabari. Murya ce siririya mai gudu, kalma tana hawa kan kalma, kamar ɗan kamasho yana kiran fasinja a tasha. Kaka, wadda takan tauna kowace kalma kafin ta sake ta, ga ta tana tsere ba ko numfashi. Na ɗauka kunnena ne. Kafin in tattara hankalina ta kai waƙar fari, ta rera, ba ta tsaya ba ta zarce. Ta biyu haka. Ta uku ta rera, "Wa zai raba mini," kuma a kan dugadugan waƙar, ba tazarar ƙiftawar ido, sai ga "Yawwa, na ji ku."

"Su wa ta ji?" in ji ɗaya daga cikin jikokin. "Kakar nan da aljanu take hira?"

Dariya ta ɓarke a kan tabarmi. Saratu ta juyo ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan ba uwarmu ba ce."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buga sandata a kan tebur har kofuna suka zube.

"Kashe! Kashe abin nan! Istifanus, me ka yi wa kakata?"

Ya kashe, ya duba wayar, ya dafe kai. "Ayya, Baba, yi haƙuri. Saitina ne na hanya. In zan tafi ofis nakan ƙara wa shirye-shirye sauri, kuma akwai wani maɓalli da ke tsallake wuraren da ba a magana. Na manta ban kashe ba. Ai ba a taɓa maganarta ba, Baba. Shiru kawai aka cire."

"Shiru kawai!"

Na ji jini ya hau mini kai. Ladi ta kama gefen rigata, na fizge.

"Shiru kawai, ka ce? Tsohuwa makauniya ta zauna ta ƙona mini batir, ta doke ni da sanda, domin ta gina wa 'ya'yanka ɗaki a cikin labarinta, kai kuma ka kawo abin da ya rushe ɗakin ya ce kango ne! Ka mai da ita mahaukaciya mai amsa wa kanta a gaban tattaɓa-kunnenta! Wa ya gaya wa injin nan cewa inda ba a magana ba kome? Wa ya naɗa shi alƙali a kan numfashin uwar ubana? Ina kuke sauri za ku, ku mutanen zamanin nan, da har matattu sai kun kora su da bulala?"

Sai wani tsoro ya sauko mini a kan fushin, domin Istifanus ya taɓa gaya mini cewa zaren kaset ɗaya ya tsinke a hannun masu juyawa bayan sun gama, kuma shi ne mai gwauruwa. Na tambaya ko shirun ya tafi ke nan har abada.

"Yana nan, Baba," in ji Hannatu. "Ba ta goge ba, tsallakewa take yi. Na asalin yana wurina."

"Bari in kashe maɓallin, minti ɗaya ne," in ji Istifanus.

"Ba za ka kashe kome ba. Baran da ya shigo gidana da wuƙa a hannu, ba na ce masa ya mai da ita kube ya zauna. Yau ka manta, gobe wani zai manta, ni kuwa ba na nan balle in buga tebur."

Ladi ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, ta miƙa wa Hannatu, ta ce, "Share duk abin da ke ciki, har da saƙon akuya, ki zuba masa kakarsa ita kaɗai, mu huta." Hannatu ta zauna ta yi haka. Aka komo ga mai kunna-komai, wadda na zaga a gaban kowa, sai dai yanzu ba ta da kome da za ta kunna in ba tatsuniyoyi tara ba.

Aka danna. Sanda ta bugi ƙasa sau uku, muryar Kaka ta fito da nauyinta, a hankali, har ana jin kaza tana ƙorafi a bayanta. Yaran suka nutsu. Saratu ta rufe ido tana gyaɗa kai. Aka kai waƙar fari, Kaka ta rera, ta yi shiru.

Shirun ya zauna a tsakar gidana. Na dubi jikokina, suka dube ni. Na dubi Istifanus da Hannatu, suka sunkuyar da kai. Ba baki ɗaya da ya motsa. Sai a lokacin na gane tsawon shirun nan, domin a da ina jinsa ne ni kaɗai a ɗaki, ina cika shi a zuciyata.

"To, Malam," in ji Saratu, "ga shirunka an maido maka. Wa zai shiga?"

"Ku amsa mana!" na daka wa 'ya'yana tsawa. "Ku ba ku da baki?"

Istifanus ya ɗago kai. Mutum ne mai shekara hamsin ba ɗaya, da furfura a gemunsa, amma da muryar yaro ya yi magana. "Baba, da wane harshe? A gidan nan in mutum ya yi yare, tsallen kwaɗo ne daga ƙofa zuwa rijiya. Kai ka ce Turanci a falo, Hausa a kicin, yare a bar shi a ƙauye. Ni ban taɓa jin amshin nan ba."

Gaskiya ya faɗa. Na yi haka ne domin su ci jarrabawa, sun kuwa ci, ba kuma zan tsaya a nan in yi kukan munafunci ba. Amma ina tsaye a wurin, Kaka tana jira a cikin waya, na gane cewa injin ya tsallake wurin da ni na bari fanko shekara hamsin.

Na ce a dakatar. Na sa aka tashi tsaye, manya da yara, har da Ladi. Kalmomi huɗu ne kacal da harshenmu. Na faɗa suka maimaita, na faɗa suka maimaita, Saratu tana gyara musu karin daga kujerarta tana zagin kunnuwansu. Babban jikana ya tsaya yana murmushin raini, hannu a aljihu, na ce masa ko ya buɗe baki ko ya bar mini gida. Ya buɗe. Da na ga sun kama, aka komo da labarin tun daga farko, domin sakaryar manhajar ta manta inda muka tsaya, ni kuwa ban yi mata faɗa ba a wannan karon.

Amshin fari ya fito a warwatse. Na biyu ya ɗan haɗu. A na uku Istifanus ne ya ja gaba, da wata irin murya da ban san yana da ita ba, sauran suka bi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Suka gama, shirun bai ƙare ba, saura kaɗan. Muna tsaye muna jira. Sa'an nan ta ce, "Yawwa. Na ji ku."

Hannatu ta juya baya tana share fuska. Saratu kuwa ta ce, "Albarkacin kaset kuka ci. Da tana raye, da wannan muryar taku ta 'yan bariki, da ta kashe accar nan ta shige ɗaki."

Tun ina yaro na ɗauka darasin gwauruwa shi ne haƙuri ya fi gaggawa, haka kuwa na koyar da shi a aji. Yanzu da na tsufa na ga bai tsaya nan ba. Iska ba ta yi wa matar nan ƙarya da gangan ba, ta yi imani ne cewa ta san abin banza in ta gan shi. Irin wannan mai hidima shi ne abin tsoro, ko inji ne ko hedimasta. Saboda haka ga shawarata ga duk wanda 'ya'yansa suka tsare shi da wannan zaɓi. In labaran duniya za ka ji, ko muhawarar 'yan siyasa, ko wa'azin wasu masu wa'azi da na sani waɗanda rabin sa'arsu gyaran murya ne, ɗauki mai wayon, ta yi gudu ta tsallake, ba asara. Istifanus ya sa mini ita a wayata don wannan, ina kuwa amfani da ita, ba na musu. Amma muryar wanda ba zai sake magana ba, ka ba wa wadda ba ta da ra'ayi a kanta, ka ware mata gida ita kaɗai. Gara wawan da zai miƙo maka abinka yadda ka ba shi.

Fushina bai huce ba. Ina fushi da waɗanda suka zauna suka ƙera maɓallin da ke farautar shirun mutane, ina fushi da ɗana da bai saurara ba kafin ya kunna, kuma kaso mafi girma na ajiye wa kaina. Saura amshi takwas ban koya musu ba, biyu daga ciki ma sai na tambayi Saratu, ita kuwa ƙafarta ɗaya tana bakin kabari, ta gaya mini haka da bakinta. Na sa doka cewa duk jikan da ya zo hutu ba zai koma ba sai ya tafi da guda a bakinsa. Suna gunaguni. Su yi.

Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri, ga waɗanda aka yi a idonsu. Yayata Saratu, wadda ta ga farkon ta ga ƙarshen. Matata Ladi. Ɗana Istifanus da matarsa Rifkatu. 'Yata Hannatu. Maƙwabcina Dattijo Ayuba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya leƙo ta katanga ya ƙi sauka sai da aka gama. Da jikokina goma sha ɗaya, ko da yake ƙaramar cikinsu barci take yi a bayan uwarta, ita sai an sake mata.